Digirin Sayar da Tayil

Shafi na 19

Masu turo min saƙo tun safe, ga shi nan. Mun bar Auta zaune a kujerar kashiya.

*

"Auta, ɗaga hannunki."

Dogo ne, shugaban masu dako, tsaye a ƙofar da ta haɗa shago da sito. Gumi na bin wuyansa, bai tsaya gogewa ba.

"Me?"

"Gwiwar hannunki. Kin danne maɓalli."

Ta duba. Gwiwar hannunta na kan maɓallin lasifikar da ake kiran masu dako da ita idan mai saye ya biya kaya. 'Yar jar fitilar tana ci. Ta fizge hannun. Fitilar ta mutu, can cikin sito aka ji ƙaras, sai shiru.

"Tun yaushe?" ta tambaya.

"Tun daga 'Hajiya, wannan launin.'"

Wato tun farko.

Kashiya ce ta fita cin abinci ta bar mata teburin. Sai ga ƙawar Auta, wadda tun a makaranta ake kira Farfesa, ta shigo da tambayar da kowa ke yi wa Auta kwanakin nan: jami'a ta ba ta gurbi biyu, tattalin arziki ko kasuwanci, ta zaɓi ɗaya kafin ƙarshen mako. Wanne ke nan? Maimakon ta amsa, Auta ta miƙe wuya, ta shaƙe murya, ta zama Yayanta, manajan shagon, sak.

"Hajiya, wannan launin ai don ke aka yi shi. Taɓa ki ji. Taɓa mana, ba ya cizo."

Farfesa ta riƙe ciki. Dariyar ta yi wa Auta daɗi, sai ta ƙara da muryarta ta gaske:

"Digiri guda ke nan fa. An je jami'a an dawo don a yi wa matan mutane daɗin baki a sayar musu da masai. Ni in karanta kasuwanci? Allah Ya sawwaƙe. Ai karatun waɗanda lissafi ya koro ne."

Duk wannan ya fita ta lasifika, ya cika sito. Yaya kuwa yana ciki, tare da Hajiyar da ke gina gidajen haya, wadda ya faɗa wa waɗannan kalmomin ɗazu-ɗazu.

Farfesa ta ɗauki jakarta.

"Ni na tuna Mama ta aike ni."

Ba ta ko waiwayo ba.

Ƙofar sito ta buɗe. Yaya ne ya riƙe ta, Hajiya ta fito tana gyara mayafi. Ta tsaya daidai teburin, ta dubi Auta ta saman tabarau.

"Wannan ce mai muryar?"

"Ƙanwata ce, Hajiya."

"Tana da baiwa."

"Hajiya, in sa a fara loda na falon?"

"Bari tukuna. Zan yi tunani a kan launin. Tun da ashe kowace mace don ita aka yi shi."

Ya raka ta har mota. Ya buɗe mata ƙofa, ya rufe, ya tsaya har ta tayar. Auta na kallonsa ta gilashi tana jiran ya dawo ya yi mata tas. Da ya yi hakan da ta ji sauƙi.

Ya dawo. Bai dubi inda take ba.

"Samfuran da ke bakin ƙofa, a shigo da su. Rana na cin launinsu."

Shi ke nan. Ya wuce ofis.

*

Kashiya ta dawo da labarin a kunnenta. Mai gadi ya tare ta da shi tun a bakin titi. Dattijuwa ce, tun zamanin da Baba ke zama a shagon da kansa take kan wannan teburin. Ta ajiye jaka, ta nuna wa Auta kujerar da yatsa. Auta ta tashi.

"Anti, ban san a kunne take ba."

"Da a kashe take, maganar ta zama mai kyau?"



"Masai," in ji Kashiya, tana gyara takardun gabanta. "Masan nan shi ya kai ki makarantar da kika koyo iya magana."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Ki roƙi Allah kada ta kai kunnen Babanku. Ɗan ƙanensa ma, da ya ce a gaban mai saye shagon nan kurkuku ne, a take ya karɓi makullan hannunsa. Har yau bai sake taka nan ba. Babanku zai yafe a ɓata masa kaya. Ba ya yafe a raina sana'ar a gaban mutane."

Auta ta fita shigo da samfura. Ɗaya bayan ɗaya ta kwaso su, a hankali, don kada aikin ya ƙare ta rasa inda za ta sa fuska.

Daga cikin sito ta jiyo wani mai dako ya ɗaga kwali ya miƙa wa ɗan'uwansa.

"Taɓa ka ji. Ba ya cizo."

Aka fashe da dariya. Dariyar ta yanke farat ɗaya, ta san Yaya ne ya ratsa. Sai muryar Dogo:

"Kai! Aiki aka ɗauke ku ko wasan kwaikwayo?"

Mutanen da da safe ke ce wa Yaya Manaja suna rusunawa. Ita ta ba su wannan.

Ta ajiye samfur na ƙarshe kusa da jerin da ke gefen ƙofa, ta tsaya tana kallonsa. Nata ne jerin. Wani tayil ne ruwan toka da ya daɗe a lungun sito ba mai tambaya, har Yaya ya fara maganar karya farashinsa. A farkon hutun nan ita ta sa aka fito da shi, ta jingina shi inda hasken ƙofa ke faɗowa, ta ajiye farin wurin wanke hannu a kansa da baƙin famfo. Kafin mako ya zagayo ya ƙare. Ranar Yaya ya tsaya a nan, hannu a aljihu, ya ce, "Wa ya koya miki?" Ba wanda ya koya mata. Ta koma gida kanta cike da lungunan shagon, tana ta sake musu tsari.

Abin da ba wanda ya sani ke nan. Kasuwanci take so.

Ba tun farko ba. Da farko tattalin arziki ta ce, da gaskiyarta. Ita ce ta ɗaya a aji, malamai suna cewa irinta ba ta shago ba ce, su Farfesa suna cewa wata rana a talabijin za a riƙa ganinta. Baba ya ce kasuwanci, ta tsaya kusa da yayanta. Ta ce ba ta yi. Ta yi kuka, ta ƙi abinci, ta kira ƙannen Umma su sa baki. Kowa a dangi ya san Auta ta rantse. Sai ga hutu ya zo, aka kawo ta shago don kada ta zauna haka nan, shagon ya shiga ranta ba sallama.

Ta yaya za ta janye bayan duk wannan ihun? Sai ta bar abin a hannun Baba. Baba ba ya sauya magana. Zai dage, ranar ƙarshe ta zo, ta share hawaye ta ce to, tun da an tilasta mata. Ta samu abin da take so, mutuncinta kuma na nan. Shi ya sa ta ci gaba da zagin kasuwanci da ƙarfi, ta san ba abin da zai canza.

*

Da aka tashi, ta shiga motar Yaya kamar kullum. Ta zauna a gaba don zama a baya zai zama wata maganar.

Danja ta tsayar da su a wata mahaɗa.

"Yaya, ka yi haƙuri."

"Kin iya ni."

"Yaya..."

"Da gaske nake. Har 'yar shaƙewar nan da nake yi kafin in ce 'taɓa.' Ni ban san ina yi ba sai yau."

"Wasa nake yi."

"Na sani. Ya kuma yi kyau. Dogo sai da ya juya baya."

Ta ji kamar ta buɗe ƙofa ta sauka a tsakiyar titi.

"Abu ɗaya zan gyara miki," in ji shi. "Lissafi bai koro ni ba. Sauran duk gaskiya ne."

"Ba gaskiya ba ne."

"Ina sayar da masai ko ba na sayarwa?"

Ta juya fuska wajen taga.

"To. Daɗin bakin ma ina yi. Mace ta daɗe tana haɗa abin gini, ta zo tana tsoron kada ta zaɓi abin da za ta buɗe ido ta tsana kullum da safe. Aikina in cire mata tsoron nan. Yau dai an mayar mata da shi."

Danja ta ba da hannu. Ya ja motar.

"Zan je in ba ta haƙuri."

"Kada ki kuskura. Ni zan san yadda zan yi da ita."

Wani mai babur ya gitta musu. Yaya ya taka birki, bai ko yi tsaki ba. Wannan natsuwar ita ke kashe ta.

"Ke tambayarki daban ce," ya ci gaba. "Kina son sanin me ya sa kaya ke tashi a ƙasa baki ɗaya, wa ya jawo, me ya kamata a yi. Tambaya ce mai kyau. Ni ba ni da lokacinta. Ni idan kaya sun tashi, neman yadda zan gaya wa mai saye nake yi ba tare da ya juya ba. Karatu biyu ne, kowanne da mutanensa."

"Ai ba wani nisa tsakaninsu. An ce a shekarar farko ma tare ake shiga wasu azuzuwan."

"A shekarar farko. Daga nan kowa ya kama hanyarsa. Ku ku hau sama kuna kallon kasuwa, mu mu zauna a cikinta."

Ta buɗe baki. Yanzu ne lokacin. Yaya, ni a ciki nake so in zauna. Sai ta fasa. Wa zai yarda da ita yau?

"Laifina ne," in ji shi.

"Naka kuma?"

"Na zuba ido ke da Baba kuna ja, na ce ba ruwana. Ban san abin ya ci miki rai har haka ba. Mutum ba ya irin wannan maganar sai ya ƙoshi."

"Ban ƙoshi ba."

"Yau zan yi masa magana."

"Wace magana?"

"Tattalin arziki za ki karanta. Na ɗauki wannan a wuyana."

Ta juyo ta dube shi.

"Ba sai ka wahalar da kanka ba. Baba ba zai yarda ba."

"Ban taɓa roƙonsa komai a kan shagon nan ba. Yau zan roƙa."

*

Baba na falo, ƙafarsa mai ciwo bisa matashi, sandarsa jingine da kujera. Tun da ƙafar ta zaunar da shi, kullum da yamma sai Yaya ya tsaya ya ba shi labarin shago kafin ya wuce gidansa. Auta ta gaishe shi ta rakuɓe a bakin ƙofa.

"Hajiyar nan mai gidajen haya ta zo?"

"Ta zo."

"An loda?"

"Ta ce za ta yi tunani."

"Tunani? Matar da ta kira ni da kanta ta ce ta gama shawara?"

"Launin ne bai kwanta mata ba."

Auta ta kafa ido a ƙasa. Yaya ya rufa mata asiri ba tare da ko ya kalle ta ba.

"Baba, akwai magana. A kan karatun Auta."

"An gama wannan."

"Ba a gama ba. Ka bar ta ta yi tattalin arzikin."

Baba ya rage rediyo.

"Kai ma?"

"Ni ma."

"Tattalin arziki. Ba su ne waɗannan masu fitowa a talabijin da kwat suna gaya mana abin da muka riga muka gani a kasuwa ba?"

"Su ne. Amma akwai waɗanda ake tambaya tun kafin abin ya faru."

"Kuma su ma su faɗi ba daidai ba."

"Wani lokacin. Mu ma muna sayo kayan da ba sa fita."

Baba ya yi 'yar dariya, bai so ba.

"Shagon fa? Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai nake tun da ka kwanta."

"Ba haka nake so ya tafi ba. Ni ina da ido, ko daga nan ina gani. Dogo ya ba ni labarin tayil ɗin nan ruwan toka. Yarinyar nan tana da hannun kasuwa."

"Tana da shi. Ra'ayi ne ba ta da shi. Baba, kai ka gaya min wanda aka ɗaure a kanti masu saye suna gane shi tun daga ƙofa."

"Na faɗa."

"To kada mu ɗaure ta. Za ta riƙa zuwa, tana murmushi, tana jin kunyarmu a ciki. Gara ta tafi inda za ta ɗaga kai."

Baba ya dubi ɗansa.

"Ba ka taɓa tsayawa a gabana a kan wata magana haka ba."

"Ban taɓa ba."

Sai Baba ya juyo wajenta.

"Auta. Haka ne? Har yanzu kina nan a kan bakanki?"

Su biyun suna kallonta. Kalma ɗaya ce, a'a. Amma idon Yaya na kanta a karo na farko tun rana, ba fushi a ciki, gajiya ce kawai. Ta kasa. Ta sunkuyar da kai, Baba ya ɗauki hakan a matsayin amsa.

"To. Na janye. Allah Ya sa alheri ne."

Ya ƙara rediyonsa.

*

Umma na kicin tana yanka albasa. Ta ji komai, gidan ba shi da girman ɓoye magana.

"Ga wadda ta yi nasara. Ina murnar?"

Auta ta ɗauki wuƙa ta jawo albasa ɗaya.

"Ajiye. Ba na son a ce albasa ce ta sa ki."

Ta ajiye.

"Dube ni."

Ta ƙi.

"Ba kya so, ko?"

"Ina so."

"Ni za ki yi wa? Yarinyar da ke son barin shago ba ta riga yayanta shiga mota. Rannan da muka je duba jaririn maƙwabta kin shiga banɗaki kin daɗe, na ɗauka cikinki ne, ashe jerin tayil kike dubawa. Kika fito kina ce min an cuce su."

"An cuce su ne."

"Kin ji ko."

Hawayen suka zo. Auta ta share da bayan hannu, da haushi.

"Na ɗauka Baba ba zai taɓa yarda ba."

Umma ta tsaya da yankan.

"Au."

"Umma..."

"A'a, bari in gane. Kin so ya tilasta miki. Ki samu abin da kike so, ki kuma samu wanda za ki ɗora wa laifi a gaban su Farfesa. Tsohon nan ya zama mugu, ke ki zama abin tausayi."

Ba a taɓa faɗa mata kanta a fili haka ba.

"Kowa ya san na rantse."

"Kowa wa? Ƙannena da suka manta tun a mota? Je ki ce kin sake shawara. Babanki zai yi ta tsokanarki har ki gama digirin, shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba."

Ta faɗa mata. Maɓallin, muryar, masai, Hajiya, dariyar masu dako. Ba ta rage komai ba, don ta san in ta rage Umma za ta ji sauran a bakin Kashiya.

Umma ta ajiye wuƙar a hankali.

"A gaban ma'aikatansa."

"Eh."

"Yaron da ke tashi tun ana sanyi ya buɗe shagon nan. Ko hutun kirki bai taɓa ɗauka ba."

"Na sani."

"Ki daina ce min kin sani. Babanki ya ji?"

"Yaya bai faɗa ba."

"Ba zai faɗa ba. Shi ya sa ya shigo ya kwato miki abin da ya ɗauka kina so. Kin zage shi da rana, ya biya ki da yamma."

"Umma, ki yi masa magana. Ke zai saurara."

"Wanne daga ciki?"

"Duka biyun."

"Ba ni ba. Bakin da ya iya muryar wani ai ya iya tasa."

"In Baba ya ji abin da na faɗa, ba zai bar ni in sake shiga shagon ba."

"Zai iya."

"To me zan yi?"

"Ko ki yi shiru ki je ki karanta abin da ba kya so, kowa na yi miki barka. Ko ki koma falon nan. Wanke fuskarki tukuna."

Daga falo Yaya ya ɗaga murya.

"Auta!"

*

Yana tsaye da makullin mota a hannu ɗaya, waya a ɗaya. Ya buɗe shafin jami'ar. Ga sunayen karatun biyu, ɗaya bisa ɗaya, kowanne da ɗan akwatinsa.

"Zo ki danna da hannunki kafin in tafi. Ba na son a kai ranar ƙarshe, shafin nan cushewa yake yi."

Ya miƙo. Ta karɓa.

"Kuma daga gobe ki huta. Ba sai kin zo shago ba. Na gaya wa Kashiya."

Baba ya ɗago.

"Hutun ai bai ƙare ba."

"Ta fara shirin makaranta. Akwai lissafi mai yawa a karatun nan, gara ta soma dubawa."

Wayar ta yi mata nauyi a hannu. Hasken ya fara dusashewa, ta taɓa gefe ya dawo.

"Danna mana," in ji Yaya. "Na sama."

"Baba."

"Na'am."

"Ba na so."

"Ba kya son me?"

"Tattalin arzikin. Kasuwanci nake so."

Baba ya kashe rediyon gaba ɗaya. Ya cire tabarau, ya dube ta, ya mayar.

"Yarinyar nan lafiyarta ƙalau kuwa? Watanni kina hana ni barci. Yanzu na janye, ke kuma kin juya?"

"Na daɗe da juyawa. Kunya ce ta hana ni faɗa."

"Kunyar wa?"

"Kowa."

Yaya ya yi wata gajeriyar dariya, ba daɗi a cikinta.

"Kada ki yi min haka, Auta."

"Wallahi da gaske nake."

"Kada ki rantse."

"Yaya, tun ranar ruwan tokan nan nake so in..."

"Kin ba ni haƙuri a mota. Na karɓa. Ya wuce. Ba sai kin haɗa min da digiri ba."

"Ba haƙuri ba ne."

"To mene ne? Za ki zo ki tsaya a gefena shekara da shekaru don ki wanke kanki, ni kuma in riƙa kallonki ina sanin abin da ke ranki? Ban ce ki biya ni ba."

"Ba ka san abin da ke raina ba!"

"Na sani. Na ji shi da kunnena. Duk sito ya..."

Ya tsaya. Ya makara.

Daga kicin ma an daina jin wuƙa.

Baba ya miƙa hannu. Auta ta sa masa wayar. Ya kifa ta a kan cinyarsa, ya dafa.

"Ba mai danna komai."

"Baba, ba wani abu ba ne," in ji Yaya. "Tsakanina da ita ne."

"A shagona?"

Yaya ya kawar da kai.

"Mace ta ce ta gama shawara, ta zo ta koma hannu wofi. Kai ka shigo kana roƙona abin da ba ka taɓa roƙa ba. Ita an sallame ta daga aiki ba a tambaye ni ba. Yanzu kuma ana maganar haƙuri." Ya sauke ƙafarsa daga matashin, ya cije leɓe don zafi, ya zauna sosai. "Haƙurin me aka ba ka?"

Yaya ya kalli makullin hannunsa. Ba zai faɗa ba, ta gani a fuskarsa. Zai tsaya a nan har gobe bai faɗa ba.

Baba ma ya gani. Ya juyo gare ta.

"Auta. Me duk sito ya ji?"